Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Gardamar Daraktoci Da Jera Fina-finansu

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Ina gaishe ku baki ɗaya: mutanen Christopher Nolan, da mutanen Denis Villeneuve, da 'yan-ga-ni-kashe-nin Quentin Tarantino, har da dattawan nan namu da suka rantse ba a ƙara yin fim na kirki ba tun 1990. Ni ma naku ne. Dare nawa na raba ina musu a kan wane ya fi wane, ban san adadinsu ba, kuma ba ni da niyyar tuba. Don haka kada wani ya zaci wa'azin a daina jeri na kawo. Jeri yana da daɗi, shi ke sa mutum ya koma ya sake kallon abin da ya zaci ya gama da shi, shi ke haɗa ka abota da wanda ba ka taɓa gani ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan nan gardamar tamu ta bar cikin fim ta koma bayan fim, kuma abin ya fara gundurata.

Kun san yadda take tafiya. Wani ya ce Nolan ne sarki. Wani ya ce ina, Villeneuve ya shanye shi. Sai na farko ya tambaya, Oscar nawa gwaninka ya ci, wato babbar kyautar fina-finan nan ta Amurka? Na biyu ya ce ai kyautar Oscar siyasa ce, a dubi makin da masu sharhi suka bayar. Na uku ya faɗo da lissafin dala miliyan kaza da fim kaza ya kawo a makon farko. A kwashe awa biyu ana tayar da jijiyar wuya, a watse, babu wanda ya ambaci fitowa ko guda ɗaya, babu wanda ya ce a wuri kaza darakta ya ajiye kyamara a nan, shi ya sa gabana ya faɗi. Kamar mutum biyu ne ke gardamar dawakai, babu wanda ya ga gudunsu, adon sirdi kawai ake ƙirgawa.

Bari mu taɓa waɗannan shaidun namu ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko za su iya rantsuwa.

Oscar dai ita ce babbar sandar da ake dukan juna da ita. To, in da ita za mu jera ayyukan Martin Scorsese, The Departed na 2006 shi zai hau sama, domin shi kaɗai ya ciyo masa kyautar darakta, a 2007. A Taxi Driver na 1976 ko cikin 'yan takarar darakta ba a sa sunansa ba. A Raging Bull na 1980 Robert Redford ya kayar da shi, a Goodfellas na 1990 kuma Kevin Costner. Yanzu tsakani da Allah, wane ne a cikinku zai dafa ƙirji ya ce The Departed, wanda ma maimaici ne na wani fim ɗin Hong Kong na 2002, ya fi waɗancan ukun? Kowa ya san biyan bashi aka yi wa dattijon, bashin da aka daɗe ana riƙe masa. Alfred Hitchcock sau biyar yana shiga takarar darakta bai taɓa ci ba. Stanley Kubrick ma haka ya rasu ba ta zo hannunsa ba. Shi kansa Villeneuve, fim ɗinsa Dune na 2021 ya kwashi Oscar shida, amma shi da ya haɗa kan aikin ba a ko gayyace shi cikin 'yan takarar darakta ba, sai ka ce fim ɗin shi ya shirya kansa. Kyautar nan ƙuri'ar 'yan masana'anta ce a cikin shekara guda, tana tafiya da kamfe, da kuɗin talla, da wanda ake jin lokacinsa ya yi. Ba laifi ba ne a yi murna idan gwaninka ya samu. Laifin shi ne ka kawo min ita a matsayin hujja alhali ka san yadda ake dafa ta.

Sai maganar maki. Da yawa daga cikinmu ba su ma san abin da adadin nan na Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tara ra'ayin masu sharhin fim, yake aunawa ba. Idan ka ga kashi 95, ba cewa aka yi kyan fim ɗin ya kai 95 cikin 100 ba. Cewa aka yi cikin kowane masu sharhi ɗari, 95 sun ce ba laifi, a iya kallo. Fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma girgiza kowa ba, zai iya tashi da kashi 98. Wanda ya raba kan jama'a, rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi, sai ya tashi da 55, kuma sau da yawa shi ne za a riƙa tunawa bayan shekara ashirin. Ma'aunin rashin ƙorafi ne, mu kuma muna ɗaukarsa ma'aunin gwaninta. Na shafin fina-finai na IMDb kuwa ƙuri'ar magoya baya ce, kowa ya san yadda ake ba gwani goma a ba abokin hamayya ɗaya tun kafin a ga fim. Ku dubi ma wanda ya daɗe zaune a saman jerin nasu, The Shawshank Redemption. Da ya fito a 1994 bai yi kasuwa a sinima ba, ya shiga takarar Oscar bakwai ya fito hannu rabbana. Ga shaidu uku, kuɗi da kyauta da maki, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa a kan fim guda. Wanne za mu bi?

Ko jerin manya ma ba wahayi ba ne. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tara ƙuri'ar masana duk shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya zauna a kan kujera daga 1962 har 2002, aka ɗauka gadon gidansu ne, sai Vertigo ya ture shi a 2012. A 2022 aka faɗaɗa masu zaɓe daga 846 zuwa 1,639, sai ga Jeanne Dielman na Chantal Akerman, fim ɗin 1975 mai tsawon sama da awa uku a kan rayuwar wata mata a cikin gidanta, ya yi tsalle ya zama na ɗaya, alhali shekara goma kafin nan ko cikin talatin na farko ba ya ciki. Fina-finan ba su canza ba, ko daƙiƙa ɗaya ba a ƙara musu ba. Masu kallon ne suka canza. In haka jerin masana yake, ina ga naka da nawa?

Kafin in ci gaba da nuna yatsa, bari in taka nawa tudun laifin. Shekarun baya na taɓa jera fina-finan Villeneuve a gaban wani abokina, na fara daga sama ina saukowa da gadara, na jefa Incendies can ƙarshe na ce ai wannan aikin koyo ne. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "To malam, wasiƙa nawa uwar ta bar wa tagwayen su kai, kuma wa da wa?" Na buɗe baki na rufe. Na ce ai na daɗe da kallo. Ya ce, "Ba ka daɗe ba, ba ka gani ba ne." Gaskiyarsa. Sunan kawai na sani, da cewa da Faransanci aka yi shi, shi ke nan na yanke masa hukunci. A daren na nemo shi na zauna. Da aka zo fitowar motar fasinjan nan da 'yan bindiga suka tare a hanya, na dakatar da fim ɗin na tashi na yi ta zagaye a ɗaki kafin in iya komawa. Yau in ka tambaye ni, yana cikin biyun farko a jerina. Tun daga ranar nake tambayar duk mai jeri: duka ka gani? Mutumin nan fim goma sha ɗaya ya yi daga 1998 zuwa Dune na biyu a 2024, huɗu na farko da Faransanci a Kanada. Yawancinmu daga Prisoners na 2013 muke fara lissafi, sannan mu kira abin da muka rubuta cikakken jeri. Wannan shaidar zur ce, ko da ba da mugun nufi aka yi ta ba.

To me nake so a maimakon haka? Abu ɗaya tak. Duk wanda zai ɗora wani fim a kan wani, ya kawo dalilinsa daga cikin fim ɗin. Ya nuna mana wurin. Bari in gwada a gabanku, ku ga abin da nake nufi, in ya so ku yi min ca.

Ku ɗauki rigimar nan da ba ta ƙarewa, ta Nolan da Villeneuve. A wurina bambancinsu yana ga yadda kowannensu yake sarrafa lokaci. Nolan yana lanƙwasa shi, ya kakkarya shi, ya sake ɗinkewa. A Memento na 2000 labari ɗaya yana tafiya da baya, ɗaya yana tafiya gaba, su haɗu a tsakiya. A Interstellar awa ɗaya a wata duniya shekara bakwai ce a tamu, shi ya sa uban nan, ɗan sama jannati, ya dawo cikin kumbonsu ya tarar da saƙonnin bidiyo na shekara 23 suna jiransa, ya zauna yana kallon 'ya'yansa suna girma a cikin 'yan mintuna. Villeneuve kuwa ja yake yi, ya miƙe lokaci kamar tsarkiyar baka har sai ka ji za ta tsinke. Ku tuna fitowar kan iyaka a Sicario na 2015. Ayarin motocin jami'ai sun ɗauko fursuna daga Juárez ta ƙasar Meziko za su koma Amurka, sai cunkoso ya tsayar da su a kan gada. Babu abin da ke faruwa. Mota ta matsa taku ɗaya ta tsaya. Kare yana haushi a wata mota. Ana leƙen layin hagu, ana leƙen na dama, ana lura da wasu samari a mota kaza da ba su kallon kowa. Gilashi yana sauka a hankali. Harbin da ya biyo baya bai ɗauki wani lokaci ba, amma kafin a kai gare shi tafin hannunka ya jiƙe. Mutumin ya gane cewa jiran abu ya fi abin kansa tsoratarwa. Wanda ya ce min saboda wannan gadar ya fifita Villeneuve, na ji, mun sami abin tattaunawa.

Shi kuma Nolan, na san abin da zan faɗa zai jawo min jifa. Inception na 2010, wanda da yawanku kuke ɗorawa a sama, a jerina yana tsakiya ne. Kusan rabinsa karatu ake ba mai kallo: ga dokar mafarki ta ɗaya, ga ta biyu, in ka mutu a nan ga abin da zai faru, in ka faɗa can ga abin da zai biyo. An ma ajiye jaruma guda wadda babban aikinta shi ne yin tambaya domin a amsa mana. Wannan ita ce lagon mutumin, 'yan wasansa suna yawan bayyana abin da ya kamata ido ya gani da kansa. Shi ya sa na ɗora Dunkirk na 2017, labarin kwashe sojoji daga gaɓar teku a Yaƙin Duniya na Biyu, a kan kowa. A nan ya rufe bakin mutanensa, ya bar aikin ya yi magana: mako ɗaya a bakin teku, yini ɗaya a cikin jirgin ruwa, awa ɗaya a sama, ya saƙa su wuri guda ba tare da wani ya tsaya yi maka lacca ba, kuma bai kai awa biyu ba ya sallame ka. Oppenheimer na 2023 shi ya kawo masa Oscar bakwai, ciki har da tasa ta darakta, amma abin da nake riƙe da shi daga cikinsa ba ya cikin lissafin kyauta. Gwajin bam ɗin nukiliyar nan na 1945 ne. Kowa ya shirya kunnensa domin jin ƙara, sai mutumin ya ɗauke sauti, ya bar haske da numfashin mutane, domin haske yana riga ƙara isowa. Sai da ka saki jiki sannan ta dira. Darakta da aka fi zargi da cika wa mutane kunne, har aka yi ta kukan ba a jin maganar 'yan wasa a Tenet, shi ne ya yi shiru a inda kowa zai yi hayaniya. Yabon gwani ya zama dole.

Kun ga yanzu kuna da abin kamawa. Mai son Inception zai iya ce min bayanin nan shi ne daɗin wasan, kamar koyon dokar dara kafin a fara ci. Zan ce masa a'a, ya ce min i, amma dai a kan fim muke magana, kuma akwai yiwuwar ɗayanmu ya koma ya sake kallo.

Wani abin da na lura da shi: fim ɗin da mutum ya fara gani na darakta, ko wanda duniya ta fi yi wa shewa, shi yake ɗorawa a sama, sauran kuma ya jera su gwargwadon kamarsu da shi. Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu ne babban misali. Fim ɗinsa Parasite ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a 2019, ya ci Oscar huɗu a 2020, ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ɗauki kyautar fim mafi kyau. Daga nan sai duk jerin da ka gani shi ne a sama, kamar an yi doka. Fim ne mai kyau, ba na musu. Yadda ya yi amfani da matakala kaɗai ya isa darasi, masu kuɗi a sama, talakawa a ƙasa, ruwan sama da ya zama abin sha'awa a gidan tudu shi ne ya cinye gidan kwari. Amma ni Memories of Murder na 2003 nake ɗorawa a kansa, kuma ga dalilina, tare da neman afuwar wanda bai gani ba.

Labarin kashe-kashen mata ne da aka yi da gaske a Hwaseong ta Koriya ta Kudu tsakanin 1986 da 1991, kuma lokacin da aka yi fim ɗin ba a kama mai laifin ba. A ƙarshe ɗan sandan nan da Song Kang-ho ya fito a matsayinsa ya bar aiki ya koma kasuwanci. Shekaru sun wuce. Hanya ta biyo da shi ta gonar da aka tsinci gawar farko, ya tsaya, ya durƙusa yana leƙa magudanar ruwan. Wata ƙaramar yarinya ta zo wucewa ta ce masa kwanan baya ma wani mutum ya leƙa wurin, ya ce yana tuna wani abu ne da ya taɓa yi a nan. Ya tambaye ta kamanninsa. Ta ce fuska ce dai irin ta kowa. Sai ya juyo ya zuba ido cikin kyamara, wato cikin idonka kai mai kallo. Mutumin da ya yi tinƙaho tun farkon fim cewa da ido yake gane mai laifi, ga shi yana duban ɗakin kallo cike da fuskoki irin na kowa, kuma mai yiwuwa wanda ake nema yana zaune a cikinsu. Sai a 2019 binciken ƙwayar halitta ya tona asirin mai kisan, ashe yana kurkuku tuntuni saboda wani kisan daban. Parasite ya burge ni. Wannan kallon kuwa bina ya yi har gida ya hana ni barci. Wace lambar yabo ce za ta auna min wannan?

Daga nan sai ƙorafina na biyu, wanda ɗan na farko ne. Tunda alƙaluma muke bi, sunayen da suka fi alƙaluma su kaɗai ke yawo a bakinmu. Mutum biyar ko shida, kusan duk maza, kusan duk da Turanci suke aiki, mu ce muna gardamar daraktocin duniya. Yaushe rabon da wani a cikinmu ya sa Abderrahmane Sissako na Muritaniya a jerinsa? A Timbuktu na 2014, masu tsattsauran ra'ayi da suka mamaye garin sun haramta ƙwallo. Sai ga samari a fili suna buga wasa babu ƙwallon. Ana ba da fasin, ana yanka, mai tsaron gida yana tsalle, ana murnar cin da ba wanda ya ga abin da ya shiga raga. Da 'yan sintiri suka ɓullo a kan babur, nan take kowa ya koma miƙe-miƙen motsa jiki, suna wucewa aka ɗora daga inda aka tsaya. Babu jawabi, babu bayani. Duk abin da za a faɗa game da zalunci da taurin ran ɗan'adam yana cikin wannan fili. Fim ɗin ya ci kyautar César bakwai a Faransa ya kuma shiga takarar Oscar, ga masu son lissafi, amma ni ƙwallon nan da babu ita nake kawowa hujja.

Ko Asghar Farhadi na Iran, wanda ya buɗe A Separation na 2011 da miji da mata suna fuskantarka suna kai ƙara, ba a nuna alƙalin ba, domin kai aka zaunar a kujerarsa, kuma har fim ya ƙare ba za ka iya cewa ga mai gaskiya ba. Ko ɗan ƙasarsu Jafar Panahi, wanda hukuma ta haramta wa yin fim na shekara ashirin a 2010, ya ci gaba da yi a ɓoye, a cikin falonsa, a cikin tasi, har ya kai ga Palme d'Or a 2025. In ana maganar wanda ya fi iya fitar da abu daga babu, da wa za a haɗa shi? Matan kuwa sai dai a yi shiru. Jane Campion, Justine Triet, Mati Diop, Payal Kapadia, duk suna raye suna aiki, amma a jerinmu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da ko ɗaya ba. Ba na cewa a sa su don kara. Cewa nake a kalla tukuna, in ba su yi maka ba ka faɗi inda suka gaza.

Na san akwai mai cewa, malam, mu nishaɗi muka zo nema, ba makaranta ba. Ina tare da kai, kuma ba sai fim mai sa hawaye ko mai nauyin kai ake kawo wa hujja ba. S. S. Rajamouli na Indiya duniya ta san shi ne da Baahubali da RRR na 2022, wanda waƙarsa ta ci Oscar. Ni kuwa Eega na 2012 ne gwanina a cikin ayyukansa. An kashe saurayi, ya dawo duniya a matsayin ƙuda, ya tasa attajirin da ya kashe shi a gaba. Ƙuda fa, ba ya magana, ba shi da fuskar da za ta yi fushi ko murmushi. Amma kafin a kai rabi za ka tsinci kanka kana yi wa ƙuda addu'a, kana jin haushin maganin feshi. Sa mutum ya so jarumi mai faɗin ƙirji da dakaru dubu a bayansa ba wuya ba ne. Wanda ya sa ka so ƙuda, ya san aikinsa.

Wata 'yar magana a gefe. Idan muna cewa fim ɗin wane, mu riƙa tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurin da kuke yaba wa Scorsese, Thelma Schoonmaker ce ke tace masa hoto tun daga Raging Bull. Sally Menke ce ta tace duk fina-finan Tarantino har rasuwarta a 2010, kuma duk mai kunne ya ji yadda na bayanta suka ƙara tsawo da sakin jiki. Hasken da ake cewa na Villeneuve ne a Prisoners da Sicario da Blade Runner 2049, Roger Deakins ne ke riƙe da kyamara. Wannan ba ya rage wa darakta komai, iya zaɓen abokan aiki ma gwaninta ce. Sai dai wani lokaci abin da ya sa ka fifita fim na uku a kan na bakwai ba hannun daraktan ba ne, wani ne ya tafi ko ya zo.

Tunda na taɓo Tarantino, bari in ƙara wa kaina abokan gaba. Jackie Brown na 1997, wanda kullum kuke turawa ƙasa saboda jini bai kwarara sosai ba, yana cikin ukun farko a wurina. Shi ne inda mutanensa suka fi kama da mutane, masu gajiya, masu tsoron tsufa da talauci, maimakon bakunan da aka ɗora wa zance mai daɗi. Ku zo da duwatsunku, amma kowane dutse a rubuta masa sunan fitowa.

Ga nawa jerin na Bong Joon-ho nan na ajiye a gabanku, domin kada a ce na yi ta faɗa ban sa wuyana ba. Memories of Murder a sama, saboda kallon nan. Mother na 2009 na biye da shi, saboda rawar da tsohuwar ta yi ita kaɗai a cikin ciyawa tun kafin mu san abin da ta aikata. Sannan Parasite. Sannan The Host, wanda ya fito da dodonsa da rana tsaka tun farkon fim, a lokacin da kowa ke ɓoye nasa cikin duhu. Snowpiercer da Okja suna bayansu, na farkonsa na 2000 a ƙarshe. Mickey 17 na 2025 ban kalla ba tukuna, don haka na bar masa gurbi babu lamba. Abokin nan nawa yana nan da ransa, kuma har yanzu yana yin tambaya.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a gaban allo.